Tsarin Bayes da rijiyoyin mai: abin da karatu a Dahran ya nuna mini

Aikin da nake yi a karatuna a Dahran, a ƙasar Saudiyya, shi ne hasashen yadda mai ke ratsa dutse, daga ma'aunan da ake ɗauka cikin rijiya. Samfuran dutsen da ake aunawa a ɗakin gwaji ba su da yawa, don haƙo su akwai tsada. Ƙarancin bayanan nan ne ya kai ni ga tsarin Bayes, wato hanyar lissafi da ke gyara hasashe bisa bayanan da aka samu tare da auna shakkarsa, wajen horar da manhajar RBF (radial basis function), wadda ke koyon hasashe daga misalai.

Ita RBF, wadda Broomhead da Lowe suka gabatar a 1988, ba ta da wuyar ganewa. Ana dasa cibiyoyi cikin bayanai, kowace tasirinta na raguwa gwargwadon nisa, sai a ba kowace nauyinta a tara. Inda gizo ke saƙa shi ne cibiya nawa za a dasa, kuma faɗin kowace nawa. In sun yi yawa, manhajar ta koma ɗalibin da ya haddace darasi bai fahimce shi ba.

David MacKay ya nuna a 1992 cewa bayanan da kansu za su iya auna iyakar da za a sa wa nauyin don hana wannan haddar. Andrieu, de Freitas da Doucet kuwa, a 2001, sun ɗauki dabarar da Peter Green ya fitar a 1995, suka bar lissafin ya laluɓo adadin cibiyoyin: ya ƙara wata, ya cire wata, ya raba ɗaya biyu ko ya haɗe biyu. Akwai cin lokaci, gaskiya, amma amsar na zuwa da tazarar shakka, wato iya yadda hasashen zai iya kaucewa, abin da injiniya ya fi buƙata.

Sai dai tazarar nan na iya yaudara, kuma wannan ne muka fi jayayya a kai da 'yan'uwa ɗalibai daga Kano da Zariya. Idan sabuwar rijiya ta yi nisa da duk cibiyoyin, tasirinsu na gangarawa sifili, shakkar da ke kan nauyin ma ta bi shi. Wato inda manhajar ba ta san komai ba, nan take nuna tabbaci. Shi ya sa kafin na miƙa kowane hasashe nake auna nisan ma'aunan rijiyar daga cibiya mafi kusa. In nisan ya yi yawa, sai na rubuta cewa a haƙo samfuri.