Ku ɗan ajiye zancen De Bruyne, ku ji labarin Emma Meesseman

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya aiki, ya iyali, ya kuma haƙuri da tsadar kaya. Mu nan Antwerp alhamdulillahi, sai dai ruwan sama da sanyin nan da ba sa gajiya.

Duk wanda ya kira ni daga gida abu biyu ne tambayarsa, ko nawa mota take yanzu a tashar jirgin ruwa, ko kuma wai na taɓa ganin De Bruyne ko Lukaku ido da ido. To ni yau wata daban zan ba ku labarinta, domin gaskiya su Hazard da De Bruyne duk da suna da kuɗi da shekarun da suka yi suna na ɗaya a jadawalin FIFA, iyakar abin da suka kawo gida shi ne na uku a kofin duniya na 2018, amma akwai wata doguwar mata 'yar ƙwallon kwando da ta ɗauko wa Beljiyam kofin Turai har sau biyu a jere, kuma na san da yawanku ko sunanta ba ku taɓa ji ba. Emma Meesseman.

An haife ta a 1993 a Ieper, wani ƙaramin gari can yamma kusa da iyakar Faransa, garin da yaƙin duniya na ɗaya ya rushe kaf aka sake gina shi, har yau kullum ƙarfe takwas na dare ana busa ƙaho a ƙofar Menin don tunawa da sojojin da suka mutu. Ƙwallon kwando gado ta yi, mamanta Sonja Tankrey ita ma ta buga har an taɓa zaɓenta gwarzuwar shekara a ƙasar. Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa shi ne Emma ba ta ji sosai, kusan rabin jinta babu, tun tana ƙarama take saka na'urar ji a kunne, kuma wasan nan fa wasa ne na ihu, koci na ihu daga benci, 'yan wasa na kiran juna, alƙali na hura usur, ga dubban mutane na buga ganga. Ku da kanku kun san yadda muke yi da yaron da kunnensa ke da nauyi a gida, a ce masa kurma, a ce ba ya gane karatu, malam ya tura shi bayan aji, shi ke nan an gama da shi. Ita aka sa mata na'ura aka kai ta filin wasa.

A kulob ɗin garinsu ta fara, Blue Cats Ieper, ƙarƙashin koci Philip Mestdagh wanda daga baya ya riƙe tim ɗin ƙasa, 'ya'yansa mata biyu Kim da Hanne su ma 'yan wasa ne. Abin da ya kamata ku gane, a nan ranar Laraba makarantun yara rabin wuni suke yi, da rana sai ka ga iyaye mata da kekuna suna kai yara zauren wasa na unguwa, jaka a baya, gorar ruwa a hannu, 'yar maƙwabciyata da ba ta fi shekara takwas ba haka ake kai ta ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, ƙwallon ma ta kusa fin kanta girma. Daga irin wannan zauren Emma ta fito, ba wata babbar makarantar horo ba. A 2011 ita da sa'o'inta suka ci kofin Turai na 'yan ƙasa da shekara 18, ita aka ba gwarzuwar gasar, kuma yawancin nasarar da aka gani daga baya daga wannan zubin yaran ta samo asali.

Daga nan sai yawo. Ta tafi Villeneuve d'Ascq a Faransa, a 2013 kuma Washington Mystics ta Amurka ta ɗauke ta a zaɓen sababbin 'yan wasan WNBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta mata a can, ta 19 fa, wato an tsallake ta sau 18 kafin a kira sunanta. Kafin ita Ann Wauters, ita ma 'yar Beljiyam, ita ce ta ɗaya a zaɓen 2000, to kun ga ba a ɗauki Emma da wannan girman ba da farko. Sannan Rasha, Spartak ta Mosko, sai UMMC Ekaterinburg daga 2016. Wani zai ce me ya kai ta Rasha da sanyin nan, amsar kuɗi ne kawai, a 2019 albashi mafi tsoka a WNBA bai kai dala dubu 120 a shekara ba, abin da babban tauraro a NBA, gasar maza, zai samu a wasa ɗaya ko ma ƙasa da haka, shi ya sa matan nan ba su da hutu, da bazara suna Amurka da hunturu suna Rasha ko Turkiyya, a tsakani kuma ƙasarsu na kira. Irin wannan neman ne ya sa abokiyar wasanta a Ekaterinburg, Brittney Griner, take hanyar komawa kulob lokacin da aka kama ta a filin jirgin Mosko a Fabrairun 2022. Da yaƙin Yukren ya ɓarke Emma ta bar Rasha, ta koma Fenerbahçe ta Istanbul. Kofin EuroLeague, wato na kulob-kulob ɗin Turai, huɗu ta ci a Ekaterinburg, ta ƙara biyu a Fenerbahçe a 2023 da 2024.

Amma shekarar da Amurkawa suka san ta da gaske 2019 ce. A 2018 ba ta je musu ba sam, ta zauna ta huta ta yi wa ƙasarta kofin duniya a Tenerife inda suka zo na huɗu, Mystics kuwa suka je fainal babu ita Seattle ta lallasa su uku ba ko ɗaya. Da ta dawo, a fainal da Connecticut Sun, babbar tauraruwarsu Elena Delle Donne na fama da ciwon baya, Emma kuma daga benci take tasowa, ba ta cikin biyar ɗin farko, amma duk lokacin da wasa ya cije ita ake nema, a wasa na biyar na ƙarshe ta zuba maki 22 suka ɗauki kofi, na farko a tarihin kulob ɗin, aka ba ta gwarzuwar fainal. Ba a taɓa ba wadda ke tasowa daga benci wannan kyautar ba sai ita.

Ni na ga wasanta da idona a Fabrairun 2024 a Sportpaleis nan Antwerp, lokacin gasar neman gurbin Olamfik, kuma abin daɗin D'Tigress ɗinmu, tim ɗin matan Najeriya, na cikin rukunin tare da Amurka da Senegal. Muka je da tutarmu kore fari kore muka zauna a tsakiyar Turawa, Beljiyam ta doke mu kam babu gardama, amma da yake mun riga mun ci Senegal mu ma mun samu tikitin Paris, kowa ya koma gida da fara'a. Abin da na lura da shi, in kana neman mai tsalle-tsalle da buga ƙirji to ba ita ba ce, tsawonta mita 1.93 amma kamar ba ta sauri, za ta karɓi ƙwallo ta juya wa kwando baya ta ɗan tsaya, kai kana cewa me take jira, ashe ta riga ta hango wata ta zagayo ta baya, sai dai ka ga ƙwallo ta fita ta inda ba ka zata ba. In an matso mata mutum biyu ta ba da fas, in an ƙyale ta ta jefa daga nesa. Ko ta ci fuskarta ba ta canzawa, ta juya ta koma tsaron gida abinta. A gasar nan Amurka da kyar ta sha a hannun Beljiyam, 81 da 79, a sakan na ƙarshe Breanna Stewart ta tura ƙwallon.

Olamfik dai ita ce ta ƙi ta. A Tokyo, zuwansu na farko, Japan ta fitar da su a kwata fainal da maki ɗaya tak, 86 da 85. A Paris kuma, babu Julie Allemand mai raba musu ƙwallo saboda rauni, suka kai semi fainal Faransa ta cire su a ƙarin lokaci, sannan Ostareliya ta ƙwace tagulla 85 da 81, Ostareliyar nan da 'yan matanmu suka doke a wasan farko, abin ya ba ni dariya ya kuma ba ni haushi. Emma ce ta fi kowa matsakaicin maki a wasa a gasar, amma ta dawo hannu rabbana.

Kofin Turai kuwa wannan nata ne. Tagulla a 2017, tagulla a 2021, sai 2023 a Ljubljana suka doke Sifaniya 64 da 58 suka ɗauki zinare karon farko, a hanya kuma a wasansu da Sabiya ta haɗa goma ko fiye a fanni uku, maki da cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando da fas ɗin da ya zama ci, wanda babu macen da ta taɓa yi a tarihin gasar. Na 2025 a Piraeus ta Girka shi ne wanda har yanzu in na tuna nake girgiza kai, Sifaniya ce dai kuma, saura kamar minti uku Sifaniya na gaba da maki 12, wallahi wasu a shagon da muke kallo sun fara biyan kuɗin shayinsu za su tafi, kawai sai Beljiyam ta zuba 14 a jere ba tare da Sifaniya ta ƙara ko ɗaya ba, Antonia Delaere ta sace ƙwallo ana saura 'yan sakanni ta kai kwando, aka tashi 67 da 65. Kocinsu a lokacin Mike Thibault ne, mutumin da ya ɗauke ta ta 19 ɗin nan a Washington. Sau biyun duka ita aka ba gwarzuwar gasa, bayan nan kuma ta koma WNBA ta sa rigar New York Liberty.

Masu data ku shiga YouTube ku nemi minti ukun ƙarshe na fainal ɗin 2025, ba zai ci muku megabait da yawa ba, ku nuna wa 'yan matan gida ma su gani. Masu tambayar farashin mota kuma ku yi haƙuri, Yuro ce ta hau ba ni ba. A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

Naku, daga Antwerp.