Kwana 120 na sabon mai gida

Tun da aka sayar da gidan kula da tsofaffin da nake aiki a nan Shikago muka koma kamar gidan da ake jiran surukai, ko ina ƙal ƙal, safar hannu kwali kwali a sito, pampas ɗin manya ma da a da sai ka bi nas kana roƙo yanzu ga shi nan jibge har ya yi yawa. Da farko na ɗauka sabon mai gidan ne mutumin kirki, sai wata 'yar Kumasi da muke aikin dare tare ta yi dariya ta ce "Hajiya ke ma dai, lasisin gwaji ne fa a hannunsa."

To ashe haka dokar jihar Ilinoi take. Duk wanda zai buɗe irin wannan gida, ko ya sayi wanda ke aiki, sabon lasisi zai nema, mai saye ba ya gadon lasisin mai shi na da, dole ya sanar da ma'aikatar lafiya ta jiha aƙalla kwana 30 kafin a gama ciniki, su kuma lasisin gwaji kawai za su ba shi na kwana 120. A cikin kwana 30 na ƙarshe masu bincike za su zo su duba komai, in ya cika sharuɗɗa a ba shi cikakken lasisi, in bai cika ba amma an ga yana ƙoƙari sosai sai a ƙara masa wasu kwanakin da ba su wuce 120 ba, sau ɗaya tak. Kuma gyare-gyaren da tsohon mai gidan ya yi alkawarin yi suna nan a wuyan sabon, wannan kam ya burge ni.

Amma ni abin da ke damuna, wata huɗu fa ba komai ba ne, amarya ko ta buzuzu ce ana ɗokinta. Akwai wata tsohuwa a ɗakin ƙarshe, Mama nake ce mata, ba ta iya juyawa da kanta sai an juya ta duk bayan awa biyu in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito mata a ƙugu, kuma wanda ya taɓa ganin wannan gyambon ya san ba abin wasa ba ne, rami yake yi. A da ni kaɗai ce a layin da daddare, ƙararrawa uku na kuka lokaci ɗaya ga Mama na jira, wallahi wani lokacin sai awa uku ta wuce ban leƙa ta ba. Yanzu mu biyu ne har da mai taimako na uku wasu ranakun, fatarta lumui. Dokar jiha ta ce awa 3.8 na kulawa a rana ga mai buƙatar jinya sosai, to a takarda ana iya cikawa ai, mu da ke riƙe da tawul mu muka san gaskiya.

Bayan an ba shi cikakken lasisi binciken ya koma kamar sau ɗaya a shekara sai dai in wani ya kai ƙara, a nan ne za a gane ko mutum na uku zai ci gaba da zuwa. Da so samu ne a riƙa yi musu dirar ba-zata akai akai har shekara ta zagayo.

Yau kwana 74. Na fara rubuta yawan ma'aikatan kowane dare a ɗan littafina, ita kuma 'yar Kumasi ta ce ta ajiye kwalin safar hannu biyu a lokarta saboda gaba.