Tsakanin Ruwan Goro da Ruwan Lemo: Shawara ga Matasa Masu Aikin Zayyana

A shekarata ta biyu da fara aikin zayyana, a wani ɗan shago da ke kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina, wata Hajiya ta kawo mini aikin katin gayyatar bikin 'yarta, ta ce tana so ya fito ruwan goro domin ya dace da ankon dangi. Na ce mata, "To Hajiya, an gama," ban ƙara tambayar komai ba, saboda a ganina babu Bahaushen da bai san ruwan goro ba. Na zaɓi launin da ya yi mini kyau a kwamfuta, aka buga kati ɗari biyar. Ranar da ta zo karɓa, sai ta zaro yadin ankon daga jaka ta shimfiɗa shi a kan tebur, ta ɗora kati ɗaya a kai. Yadin ya fi ja, ya fi duhu, kamar tabon da goro ke bari a farar riga bayan ya bushe, nawa kuwa ya karkata wajen rawaya yana ta ƙyalli kamar lemon kwalba. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Ɗana, ai wannan ruwan lemo ne." Da kuɗin aljihuna na sake buga aikin, kuma abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne ranar da na ɓata mata alhali biki ya matso.

Asalin kuskuren shi ne na dogara da suna. Mu Hausawa da abubuwa muke kiran launi, abubuwan kuwa ba su tsaya a kamanni ɗaya ba. Goron da aka fasa yanzu daban yake da wanda ya sha iska. Lemon da ake sayarwa a kasuwanninmu ɓawonsa yakan zama kore-kore ko rawaya, don haka mai cewa ruwan lemo sau da yawa lemon kwalba yake nufi. Manja idan ya daskare yana da haske, idan ya narke sai ya koma ja mai zurfi, haka ma lalle, na tafin hannu ya fi na farce duhu. Ga kabewa, ga gwaiduwar ƙwai, ga zuma, ga jar ƙasa, dukansu 'yan gida ɗaya ne, amma kowanne da halinsa. Saboda haka idan mai aiki ya ambaci launi, ku roƙe shi cikin ladabi ya kawo abin da yake nufi a hannu, ko da ƙyallen yadi ne, kada ku karɓi hoton waya a madadinsa.

Idan abin ya zo hannunku, tambayar farko ita ce ina launin ya karkata, wajen ja ko wajen rawaya. A da'irar launuka da ke cikin manhajojin zayyana, ja yana kan digiri 0, rawaya yana kan 60, tsantsar ruwan lemo kuma yana tsakiya a kan 30. A kwamfuta kowane launi yana da lambarsa. Lambar #FFA500, wadda shafukan intanet suka ɗauka a matsayin ruwan lemo, tana wajen digiri 39, wato ta riga ta jingina da rawaya, kuma irinta na ba Hajiya. Lambar #FF8C00 tana wajen 33, ita kuwa #FF4500 ta gangaro zuwa 16, ta kusa zama ja. Bayan karkata sai a duba duhu da kuma ƙarfin launin. Na daɗe ban gane cewa ruwan ƙasa ba wani launi ba ne na dabam, ruwan lemo ne da aka rage wa haske. Wanda ya tsaya ya kalli jikin hasumiyar Gobarau da hantsi, ya sake kallonta gab da magariba, zai ga yadda ƙasa ɗaya ke tafiya tsakanin waɗannan launuka.

Kuskurena na biyu ya faru ne bayan na fara rubuta lambobi, har ina jin na tsira. Na yi wa wani mai sayar da kayan sanyi banar talla mai ruwan lemo mai ƙarfi, amma da ta fito daga injin sai ta yi dishi-dishi kamar ta shekara a rana. Na zargi mai injin, alhali laifin nawa ne. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB, injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK, kuma ruwan lemo mai ƙyalli yana cikin launukan da tawadar nan huɗu ba ta iya kaiwa gare su. A bugu, ana samun ruwan lemo ne da rawaya kashi 100 da majenta, wato tawada mai ruwan hoda mai ƙarfi, kusan kashi 50. A rage majenta zuwa 35, ya tafi wajen gwaiduwar ƙwai. A ɗaga ta zuwa 70, ya nufi ja. A ɗiga baƙi kaɗan, ya zama irin na yadin Hajiya. Wannan matsala ce ta sa manyan kamfanoni ke sayen tawada ta musamman daga tsarin Pantone, wato kundin launuka masu lamba da aka fara a 1963, kamar ruwan lemo mai lamba 021. Mu da ba mu da wannan hali, abin da ya rage mana shi ne mu mayar da aiki zuwa CMYK tun farko, ko a CorelDRAW ko a wata manhajar, sannan mu buga gwaji ɗaya a kan ainihin takarda ko ledar da za a yi aikin da ita.

Shi ma gwajin, a fita da shi waje a duba a inuwa da rana, domin ƙwan lantarki mai haske rawaya-rawaya yana ƙara wa komai rawaya, haka ma wayar da aka kunna wa tsarin kare ido na dare, kuma a lokacin hunturu ƙurar da ke kwanciya a fuskar kwamfuta kaɗai ta isa ta ruɗe ku. Maƙwabcin launi ma yana sauya shi. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Michel Eugène Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Faris, ya bayyana haka a 1839, bayan ya gano cewa zaren da ake kuka da rininsa lafiyarsa lau, launin da ke gefensa ne ke yaudarar ido. Ruwan goro a kan shuɗi yana ƙara ƙarfi, kusa da ja kuwa sai ya koma kamar rawaya.

Ina kuma roƙonku ku guji farin rubutu a kan ruwan lemo mai haske. Ƙa'idar da masu shafukan intanet ke bi tana neman bambancin haske na 4.5 ga 1 a ƙananan haruffa, fari a kan #FFA500 kuwa bai cika 2 ba, yayin da baƙi ya haura 10. Na taɓa ganin dattijo yana matse ido a gaban sanarwar da na zayyana, ya kasa karanta ranar taron, sai da wani yaro ya karanta masa.

Yanzu akwai littafi a shagona da nake manna kowane gwaji a ciki, in rubuta lambarsa da irin takardar a ƙasa. Idan mai aiki ya ce ruwan goro, sai in buɗe masa shafin a bakin ƙofa inda haske yake, ya sa yatsa a kan wanda yake so, in rubuta lambar a rasit a gabansa kafin in karɓi kuɗin kafin alƙalami.