Tiyon hita ne ya ƙona min gasket

Har yau in na tuna tiyon nan sai raina ya ɓaci. Bai kai tsawon kamu biyu ba, kuma na hita ne, hitar da ban taɓa kunnawa ba tunda na sayi motar.

Korola ce ƙirar 2005, mai injin 1ZZ. Da muka ɗora mata turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, duk hankalina yana gaba. Na shiga Ƙofar Ruwa na sayo lagireto mai layi biyu da fanka mai ƙarfi, tunda intakula, mai sanyaya iskar turbo, ta zauna a gaban lagireto tana tare masa iska. Bakanike ya ce a cire tamostat, mai buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, kamar yadda aka saba, na ce a bar min abina. A maki 82 yake buɗewa, ba shi da laifi.

Abin da na manta, injin nan bakin salansarsa a baya yake, ta wajen gilas, nan kuma turbo ya zauna. Tiyon hita ya bi ta gefensa, tazarar yatsa biyu. Na gan shi da idona! Na ce wa bakanike, "Oga, wannan bai yi kusa ba?" Ya ce, "Alhaji, roba ce mai jure zafi." Na yi shiru. Ƙarfen da kan yi jawur in an taka mota, wace roba ce za ta jure makwabtaka da shi?

Sati uku lafiya lau. Ran nan a watan Afrilu, da azahar, na wuce Kwanar Ɗangora zan je Zariya, sai na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi. Na dubi allurar zafi, tana tsakiya, na ci gaba. Ashe zafin turbo ya fasa tiyon, ruwan inji yana zuba. In ruwa ya tsiyaye kuwa, sansa mai auna zafi ba ta cikin ruwa, allura sai ta yi maka ƙarya. Kafin in farga inji ya fara ƙara, farin hayaƙi ya turnuƙe baya. Lita shida da ɗoriya duk sun bi kwalta. Gasket, wanda ke tsakanin kan silinda da jikin inji, ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe, da yake alminiyom ne, sai da aka kai shi wurin masu gogewa.

Yanzu mun karkatar da tiyon, mun naɗe shi da rigar zafi, mun sa faranti tsakaninsa da turbo. Kuɗin duka bai kai na janwen da ya dawo da ni Kano ba. In za ka sa turbo, leƙa bayan inji da tocila, ka bi kowace roba da yatsa tun inji yana sanyi. In ka ji warin nan kuwa, faka a take, ka rabu da allura.

Tsohon tiyon yana nan cikin but, ya bushe ƙamas kamar ganda.