Kudin marayu azumi yake bi, abin da na gani a Rikkos

Mu fa ba wata babbar kungiya bace mai ofis da mota, 'yan unguwa ne kawai muka fara karo-karo bayan ambaliyar da ta ci unguwannin Rikkos da Gangare na garin Jos a damunar 2012, daga baya 'yan uwa mazauna Abuja da Ingila suka rika turo nasu. Da muka bi gida-gida tare da mai unguwa muna rubuta sunaye sai muka ga ashe ruwan asiri kawai ya tona, marayun suna nan tun rikicin 2001 da na 2008 da 2010, bom din kasuwar Taminus na 2014 ya zo ya kara wasu.

Daga an ga watan azumi alat sai shigowa yake ba kakkautawa, kowa na son ya ciyar, kowa na son yiwa maraya dinkin sallah, kuma wallahi ba rainawa nake ba Allah ya saka musu. Amma ana sauke faralin sallah sai guruf dinmu na karo-karo yayi tsit, alhali cikin yaro bai san an gama azumi ba, ga komawa makaranta na tafe. A takarda dokar ilimin bai-daya ta UBE ta 2004 tace daga firamare har karamar sakandare kyauta ne, to je ka tambayi uwar marayu, yunifom, sandal, littattafai, kudin PTA, yau a ce kawo tsintsiya gobe kudin jarrabawa, irin wadannan kananan abubuwan ne ke zaunar da yarinya a gida, daga nan kuma sai tiren talla. Ga sanyin Jos a Disamba da Janairu, zaka ga yaro ya fito da 'yar riga shara-shara hakora na haduwa, suwaita daya ta gwanjon kasuwar Katako ta fi masa shaddar sallah amfani amma ba mai zumudin biyan kudin suwaita.

Shi yasa muka koma rokon mutane suyi alkawarin dan kadan duk wata. Wata Hajiya tace min "kai dan nan, dubu biyu me zata yiwa maraya?" Nace "Hajiya in dai bata yankewa ai da ita zamu san yaro nawa zamu iya dauka." Har yau bata taba fashi ba.

Sai maganar iyaye mata, nan ne aikin yake gaskiya. Yawancin yaran nan suna da uwa ko kaka a raye, ba gidan marayu suke bukata ba, uwar ce ke bukatar jari. Wata awara, wata kosai, wata ta rika saro kayan miya da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada, muka hada su adashe don su rika sa ido a kan juna. Jarin da ya karye kuwa kusan duk ciwo ne ya cinye shi, yaro ya kwanta zazzabi uwa ta dauki uwar kudi ta kai kemis, wa zai ga laifinta? Dole muka ware asusun magani daban. Cire tallafin mai a 2023 ma ya taba su sosai, kudin da ke sayen kwanon waken suya ya koma baya iyawa.

Hoto kam mun hana. Masu bayarwa suna so su gani, hakkinsu ne, sai mu tura musu rasit da sakamakon jarrabawa da lissafin wata, mutum uku ke sa hannu kafin a cire ko naira, cikinsu har da Baba Liman. Yaron da 'yan ajinsu suka gani a Facebook rike da ledar shinkafa baya mantawa. Wasu sun janye saboda haka, mun barsu.

Yanzu abin da ke gabanmu wadanda suka kai ajin karshe na sakandare ne, kudin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB lokaci guda suke fadowa, masu son sana'a kuma muna nema musu wajen tela da masu gyaran waya da zasu karbe su ba tare da kudin koyo ba.