Daga littafin adashe zuwa takardar CAC: yadda na tsinci kaina a shugabancin ƙungiyar mata a Agege

Duk macen da na gani tana jan ragamar ƙungiyar sa-kai a Legas, da sana'arta ta farko take jan ta. Lauya ko ta bar zuwa kotu, ƙungiyarta ba ta rabuwa da fayil da ƙara. Likita in ta kafa tata, za ka riski ɗakin duba marasa lafiya kafin ka ga ɗakin taro. Ni kashiya ce a wani ƙaramin banki a Ikeja kafin a ɗora mini wannan kaya, shi ya sa matanmu suke mini tsiya wai a wurina ko ruwan leda aka saya sai an kawo rasit.

Ba ni na kafa ƙungiyar ba. Wadda ta kafa ta muna kiranta Hajiya Babba, haifaffiyar Agege ce, jikar fataken goro, ba ta taɓa zama a ajin boko ba. Uwar adashe ce tun ina 'yar firamare, kuma daga adashen nan ƙungiyar ta tsiro: zumunci ne na biki da suna da rasuwa, ana tara abin da ya samu a kai wa mai hidima. Abin ya canza ne a Fabrairun 2020, lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, aka sake tsanantawa a Yunin 2022. Mazan matanmu da yawa da babur suke ci da iyali. Wasu an kama baburansu, wasu sun koma Arewa da cewa za su dawo, sai ga mata da yara a ɗakin haya ba na cefane. Zubin adashe ya fara tsinkewa. A nan ne Hajiya ta aiko a kira ni. Ta ce, "'Yar nan, ke kika san bakin masu takarda. An ce akwai masu ba da jari, amma sai da rajista. Ki je ki yi mana." Na ce, "To Hajiya, Allah ya ba mu iko." Ba a yi wa Hajiya gardama.

Rajistar ba ta da wani sirri, sai dai cin rai. Hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, tana son amintattu, da kundin tsarin mulki, da bayanin taron da aka zaɓe su, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan nan banki ya ce sai da takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Duk wannan na iya shi, don cike fom shi ne abincina shekara da shekaru.

Inda idona ya buɗe shi ne tarukan bita. Da zarar ƙungiya ta samu rajista, sai gayyata ta fara zuwa, yau otal a Ikeja, gobe Victoria Island, ka fita da asuba don gudun gosulo. A kowane taro akan zagaya kowa ta faɗi ko ita wace ce, ni kuwa sai na ɗauki ɗabi'ar kasa kunne ga abu guda: me take yi kafin ta shigo wannan harka? Daga nan na bi tarihin manyan da ake ambato. Ndidi Nwuneli, wadda ta kafa LEAP Africa a Legas a 2002, ta yi karatun kasuwanci a Harvard, ta yi aiki da kamfanin McKinsey mai ba da shawara kan kasuwanci, ta fara riƙe gidauniyar FATE a 2000. Ba mamaki aikinta ya karkata ga horar da shugabanni da 'yan kasuwa. Dokta Kemi DaSilva-Ibru likitar mata ce, kuma WARIF da ta kafa a 2016 cibiya ce a Yaba da ke karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe. Abiola Akiyode-Afolabi ta WARDC, cibiyar kare hakkin mata, lauya ce. Zouera Youssoufou, 'yar Nijar da ke shugabantar gidauniyar Aliko Dangote, daga Bankin Duniya ta zo. Kowacce da gonar da ta fito.

Na so in ga namu, na kuma gan su, ko da yake ba su da yawa a zaurukan Legas. Ayesha Imam ta koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kafin su kafa BAOBAB, ƙungiyar kare hakkin mata, a 1996, kuma a nan Legas ƙungiyar ta yi mazauni. Suna cikin waɗanda suka tsaya wa Amina Lawal, matar da aka yanke wa hukuncin jefewa bisa zargin zina, har kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke ta a 2003. Ƙarfinsu a wannan shari'a shi ne sun yi muhawara daga cikin fiƙihu, wato aikin masu bincike. Hajiya Saudatu Mahdi ta WRAPA, ita ma ƙungiyar kare hakkin mata, malamar makaranta ce tun asali. FOMWAN kuwa, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya da aka kafa a Minna a 1985, ita ta fi burge ni, don ta haɗa mata masu sana'o'i daban-daban a inuwa ɗaya: Hajiya Aisha Lemu, Amira ta farko, malama kuma marubuciya haifaffiyar Ingila, Hajiya Bilkisu Yusuf 'yar jarida, wadda ta riƙe editan Sunday Triumph a Kano da New Nigerian a Kaduna, ta rasu a turmutsitsin Mina a 2015, Allah ya jiƙan su, da Alhaja Lateefat Okunnu, ma'aikaciyar gwamnati da ta kai mataimakiyar gwamnan Legas a 1990.

To amma duk waɗannan masu takarda ne. Irin Hajiya Babba ba a jera su a wannan sahu, kuma a ganina nan ne harkar take da gurgunta. Ranar da aka ba mu tallafin farko, na zauna da kwamfuta na tsara sharuɗɗan wadda za ta samu jari: yawan 'ya'ya, ko mijinta na nan, ko tana da sana'a. Hajiya ta sa aka ɗauko littafinta na adashe, wani tsohon littafin makaranta mai bangon leda da aka ɗaure da kyauro, rubutun ajami ne da 'yan alamomin da ita kaɗai ta san ma'anarsu. Ina karanto suna, tana bin layi da yatsa. "Wannan ki ba ta, ko ruwa ake ko iska ba ta fasa zubi." Na karanto wata, ta yi shiru, ta gyara mayafi. "Wannan kada ki ba ta kuɗi a hannu. Ki saya mata buhun gawayi da tukunyar suya ki kai mata ɗaki. In kuɗi ne, kafin magariba yana aljihun ƙanin mijinta." Babu fom ɗin da zai ba ni wannan labari. Kuma Hajiya ce kaɗai a cikinmu za ta shiga gida ta ce wa maigida, "Malam, ka bar yarinyar nan ta fito koyon ɗinki, ni ce jingina," ya ce, "An gama, Hajiya."

Na taɓa tafiya da ita irin wannan taro. Muddin ana Turanci tana zaune kamar baƙuwa, ba wanda ya tambaye ta komai. Da aka fita shan shayi ta juya harshe zuwa Yarbanci, wanda take ji kamar Hausa, nan da nan mata suka kewaye ta, har wata jami'ar ƙaramar hukuma ta karɓi lambarta. Ɗakin da muke koyar da ɗinki yanzu ta wannan hira aka same shi, ba ta takardar neman tallafin da na kwana ina rubutawa ba. Ban ce takarda banza ce ba. Mai ba da kuɗi yana da hakkin ya ga rahoton odita, kuma na ga ƙungiyoyin mata da suka watse saboda kuɗi na shiga asusun shugaba na kanta, ba don ta ci ba, sai don ranar da aka yi zargi ba ta da abin nunawa. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a mayar da iya Turanci ma'aunin iya shugabanci.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a kan mumbari. Yawancin matan da suka daɗe a wannan aiki suna da wata madogara: albashin da suka tara, ko kasuwanci a gefe, ko gidan da ya tsaya musu. Tallafi na aiki ne, yana zuwa ya ƙare, kuma masu bayarwa ba su cika son jin maganar albashi da kuɗin haya ba. Ni har yau ina sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp. Duk yarinyar da ta zo mini da cewa tana son "aikin NGO" don ta ga ana hawa jirgi zuwa Abuja, nakan ce ta fara samun sana'ar da za ta riƙe ta tukuna, ko jinya ko koyarwa ko lissafi, sannan ta zo da ita.

Da muka gyara kundinmu bara, mun rubuta cewa kujeru biyu ne a sama: shugaba mai kula da ofis da banki, da uwar ƙungiya wadda ba a raba ko sisi sai da amincewarta, kuma ba a neman takardar makaranta a kujerar uwa. Lauyan da ya duba mana ya ce bai saba ganin irin wannan ba, amma doka ba ta hana ba. Yanzu wata 'yar Hajiya ta riƙo, mai karatun akanta a Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, tana zama da ita duk ranar Asabar suna kwafe littafin adashen zuwa kwamfuta. Sunaye da kuɗi sun shiga lafiya. Alamomin gefen layi ne suka tsaya a kai, don Hajiya ta ce wasu sirrin gidajen mutane ne, ba za a sa su a na'urar da kowa zai buɗe ba.