Kuɗin estet: mu ne a tsakiyar ciyaman da wanda ya ce ba zai biya ba

Sana'ata kula da rukunin gidaje ne a Abuja, abin da kowa ke kira estet. Ƙaramin kamfani gare ni, ni da wani ƙanena mai riƙe lissafi da 'yan yaran aiki, masu shara, mai gyaran famfo, mai duba wuta da janareto. Masu gadi kuwa ba namu ba ne kai tsaye, daga kamfanin da ke da lasisin Sibil Difens muke ɗauko su tunda doka ba ta yarda kowa ya tashi ya kafa gadi da kansa ba. Aikinmu yawanci can gefen Lokogoma da Lugbe da Kubwa ne, inda estet ya yi yawa kamar me, ko'ina ka juya katanga da get.

Mutane suna ɗauka wahalar aikin nan ita ce bohol ya lalace da tsakar dare ko kwata ta toshe da damina. Wallahi waɗannan masu sauƙi ne, kuɗi da kafinta da falamba sun gama magana. Abin da ke tsufar da mutum shi ne kuɗin estet, wanda wasu ke ce wa sabis caji, da rigimar wa ya kamata ya biya, nawa, kuma wa ya ce dole ne.

Yadda abin yake tafiya, masu gidaje su kan kafa ƙungiya, su yi mata rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da sunan amintattu, su zaɓi ciyaman da sakatare da ma'aji, su yanka wa kowane gida kuɗi a wata ko a shekara, daga ciki a biya gadi da kwasar bola da dizal na janareton famfo da fitilun layi da mu. Toh ni ba ni da iko a kan kowa, kwangila aka ba ni, amma in wata ya ƙare kuɗi bai taru ba ciyaman zai ce min Alhaji a yi haƙuri mutane ba su biya ba, su kuma yarana ba ruwansu da wannan, mai shara yana da iyali a Mararraba ko Gwagwa kuma mai gidan hayarsa ba ya jin a yi haƙuri. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai in ciro daga aljihuna in biya su in zauna jiran estet.

Masu ƙin biya kala-kala ne kuma ba duka ne marasa gaskiya ba. Akwai wanda ya sayi gida ya kulle yana zaune a Kano ko Kaduna ko ma ƙasar waje, ya ce ai ba kowa a gidan, ba na zubar da shara ba na shan ruwa, me zan biya, ya manta cewa gadin nan ne ya sa har yanzu ba a ɓalle masa tagogi an zare wayoyin wuta ba. Akwai ɗan haya da ke cewa ku tambayi mai gida, mai gida ya ce ai wanda ke ciki shi ke moriya, kuma ka duba takardar hayarsu ba a rubuta komai a kai ba. Akwai babban mutum mai sola da bohol ɗinsa da ɗan sanda a ƙofa, shi a ganinsa bai buƙatar kowa, alhali motocinsa sun fi na kowa cin titin. Akwai kuma wanda wallahi babu ce, ɗan fansho ko matar da miji ya rasu ya bar ta da gida kawai, irin waɗannan in ciyaman mai hankali ne a ɓoye ake daidaitawa da su ba a kai su guruf ɗin WhatsApp na estet.

Sai kuma gwanin, wanda zai ce maka ni ban taɓa shiga ƙungiyarku ba, gida na saya ba katin ƙungiya ba. Shi wannan yana da abin riƙewa fa. A 2020 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Megawatts da ƙungiyar mazauna Gbagada Phase 2, ta ce ba a tilasta wa mutum zama ɗan ƙungiyar mazauna ko biyan kuɗinta don kawai yana zaune a wurin, ta kafa hujja da sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 mai maganar 'yancin shiga ƙungiya. Tun daga lokacin ba gurup ɗin WhatsApp na estet da na shiga da ba a turo labarin hukuncin nan ba, da an ce a biya kuɗi sai wani ya manna shi, wani lokacin ma mutumin bai karanta ba kan labarin kawai ya gani.

Ni a nawa ganin kotu ta yi daidai a kan maganar ƙungiya, ba a sa mutum cikin ƙungiya da ƙarfi, amma mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Zama mamba daban, biyan aikin da ka sa hannu za ka biya daban. Estet da yawa tun ranar saye kamfanin da ya gina ya sa sharaɗin sabis caji a cikin takardar ciniki, ka sa hannu lauyanka yana zaune, toh wannan alkawari ne tsakaninka da wanda ya sayar maka, ba ka zo daga baya ka ce 'yanci. Inda ake samun matsala ta gaske shi ne unguwar da da can layi ne kawai na gwamnati, kowa ya sayi filinsa ya gina, bayan shekaru ɓarayi suka dame su wasu suka haɗu suka sa get suka kira wurin estet suka yanka kuɗi. A nan kam wanda bai sa hannu a komai ba sai dai lallashi da kunya, kamar dai yadda ake karɓar kuɗin 'yan sintiri a unguwanninmu na gida, mai unguwa da liman su yi magana, wanda ya ƙi kowa ya san shi, shikenan.

Wani ciyaman da ya daɗe a Amurka kullum a miting sai ya ce a can ba a wannan wasan. Gaskiya ne kuwa, amma a can sharaɗin a jikin takardar gidan yake, an yi masa rajista tare da filin, duk wanda ya saya ya gaji sharaɗin ko yana so ko ba ya so, kuma in bashi ya taru ƙungiya na iya ɗora shi a kan gidan, a jihohi da yawa har ta kai ga a sayar. Su ma ɗin rigima suke ta yi a kai a kotuna. Mu nan ba haka aka kafa yawancin wuraren ba, ba za ka ɗauko ikon can ka ɗora a kan ƙungiyar da aka kafa a ƙarƙashin rumfar mota ba.

Shi ya sa hanyoyin matsa wa mutane suke yawa kuma yawancinsu ni ba na so. A hana sitika ta mota, a liƙa sunayen masu bashi a get, a rufe musu ruwa, a daina ɗaukar bolarsu wanda maƙwabci ne zai sha warin ba su ba. Inda estet ke sayen wuta a dunƙule daga AEDC, kamfanin raba wutar Abuja, tana rabawa da nata mitoci sai a ɗaure kuɗin a jikin katin wuta, ba za ka iya sayen yunit ba sai an cire sabis caji, wannan ya fi kowanne kawo kuɗi kuma ya fi kowanne kawo zagi. Wanda na ƙi sam shi ne a ce maigadi ya hana mutum shiga gidansa. Na faɗa wa kowane ciyaman tun kafin mu sa hannu, yarona ba zai tare mai gida a get ba, domin in abin ya ɓaci ciyaman yana falonsa da esi, yaron da ke karɓar albashin da bai kai ya kawo ba shi za a mara, shi za a kai ofishin 'yan sanda, ni kuma in kwana ina neman beli. In kuna da gaskiya ga kotu nan, ku kai takardar da ya sa wa hannu.

Tsadar kaya ta ƙara hura wutar. Dizal a 2022 ya tashi daga wajen naira 300 lita ya haura 700, aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka wa ma'aikata, a Afrilun 2024 aka kai wutar Band A, wato ta layukan da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, a Yuli kuma mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Dokar albashin ba ta kama mai ma'aikata ƙasa da 25 ba amma je ka faɗa wa mai shara haka ka gani, shi ma a rediyo ya ji. Duk wannan sai an ƙara kuɗin estet, kuma ranar da za a yi miting ɗin ƙari mutum kaɗan ne ke zuwa, a yanke, washegari waɗanda ba su zo ba su cika guruf da ba da mu aka yi ba.

Amma fa in za a faɗi gaskiya rabin masu ƙin biyan nan ba ƙungiya suke ƙi ba, lissafi ne ba su gani. Na yi aiki a wurin da kuɗin mutane ke shiga akawun ɗin ma'aji na kansa, ba rasit, ba zaɓe, ciyaman ɗaya tun kafa estet, an karɓi kuɗin tiransifoma sau biyu tiransifomar ba ta zo ba. A irin wannan wurin ko ni ne mai gida sai na yi tambaya kafin in tura. Inda kuwa ake turo lissafi duk wata, ga abin da ya shigo ga abin da ya fita ga hoton rasit ɗin dizal, masu taurin kai ba sa wuce 'yan tsiraru kuma su ma matansu ne ke zuwa su biya a ɓoye don kunyar maƙwabta.

Yanzu kafin in karɓi estet sai na ga abu uku, akawun da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu aƙalla, kofin takardar da masu gidaje suka sa wa hannu in akwai, da kuɗin wata uku a gaba saboda albashin yara. Sharaɗin ƙarshen nan ya sa na rasa ayyuka masu kyau, har da wani babba a hanyar filin jirgi da ciyaman ɗinsa ya ce min ai ba a taɓa yi musu haka ba, wanda ke yi musu a da sai ƙarshen wata yake kawo takarda. Na tambaye shi ina mutumin yake yanzu, ya ce ya gudu da kansa, suna riƙe da kuɗinsa na wata biyar.